Kada Mu Sayar Da Duwatsun Filato Tifa-Tifa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san inda mota takan fara nishi, watau Hawan Kibo. Daga nan iska takan sake, sanyi ya fara ratsa riga, duwatsu su bayyana dama da hagu, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su. Baƙo yakan leƙa ta taga yana mamaki. Mu kuwa da muka tashi a gindinsu mun daina ganinsu. Abin da muke gani yanzu shi ne tifa nawa ta tsakuwa za a samu a ciki. A kan wannan nake so mu yi shawara, 'yan'uwa, gama a ganina lokaci ya yi da kowace ƙaramar hukuma a Jihar Filato za ta zauna ta rubuta sunayen duwatsu da tuddai da maɓuɓɓugai waɗanda ba za a taɓa su ba, ko nawa aka taya.

MENE NE MUKE DA SHI?

Mutum ba ya tsaron abin da bai san darajarsa ba, saboda haka bari mu fara da wannan. Tudun Jos yana da tsayin kimanin mita 1,280 daga bakin teku, ƙololuwarsa kuma, watau duwatsun Shere da ke gabas da garin Jos, ta kai mita 1,829. Masana ilimin duwatsu sun ce yawancin manyan duwatsun nan narkakken dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya sandare a hankali kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce. Ba su kaɗai ba ne kuwa. Jeri ne guda mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wanda ya faro daga duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya shigo ta ƙasar Kano da Bauci, ya ratsa Jos, ya ƙare a duwatsun Afu cikin Jihar Nasarawa. Na arewa su ne tsofaffi, in aka yi kudu shekarunsu sai su yi ta raguwa. Saboda wannan jeri ne sunan Jos ya shiga littattafan da ake koyar da ilimin duwatsu da su a ƙasashen duniya.

A cikin waɗannan duwatsu kuza take. Ruwan sama ya yi ta cin dutsen shekara da shekaru yana wanke shi zuwa rafuka. Da yake kuza tana da nauyi, sai ta kwanta a gindin rafi, yashi ya wuce. Shi ya sa kakanninmu da ƙwarya kawai suke wanke ta.

Akwai kuma wani iri dabam, watau duwatsu masu aman wuta waɗanda suka mutu. Tuddan nan masu kama da malfa da ake gani a Panyam da Kerang da Ampang cikin ƙaramar hukumar Mangu, da na wajajen Miango, duk bakunan wuta ne a dā. Tafkin Pidong da ke Ampang ruwa ne da ya taru a cikin bakin ɗaya daga cikinsu. Baƙin dutsen da suka amayar shi ne ya ruɓe ya zama ƙasa mai albarka wadda take ba da masara da dankalin turawa a wannan yanki, ruwan Swan da ake sha a kwalba kuma daga maɓuɓɓugar Kerang yake fitowa. Dutsen Wase, wanda ya miƙe tsaye kusan mita 300 a tsakiyar fili, maƙogwaron wani dutse mai aman wuta ne. Jikin ya zaizaye ya tafi, abin da ya daskare a maƙogwaron ya rage. An san shi kuma da tsuntsayen kwasakwasa masu yin sheƙa a kansa. A Kahwang, kusa da ƙauyen Bangai a ƙaramar hukumar Riyom, baƙin dutse ya huce a hankali har ya tsattsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa, jere reras kamar aikin magini. Irin wannan abu ne ake da shi a gundumar Antirim ta Ailan ta Arewa, ginshiƙai wajen 40,000 a bakin teku, inda baƙi fiye da miliyan 1 suka je kallo a shekarar 2017 kaɗai. Namu kuwa, mutum nawa ne a cikin Jos suka taɓa jin sunansa?

Abu mafi girma shi ne ruwa. Tudun nan kamar randa yake a bisa kan ƙasar Arewa. Kogin Kaduna daga nan ya taso ya bi ta Shiroro ya faɗa Kwara. Kogin Gongola daga nan ya taso ya bi ta Dadin Kowa ya faɗa Binuwai. Rafin Dilimi da ya ratsa garin Jos yana gangarawa ya haɗu da ruwan Jama'are, ya nufi Yobe da Tafkin Chadi. Tsagar dutse da itatuwan da ke kansa su ne suke riƙe ruwan damina su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani. Wanda ya sa nakiya a kan maɓuɓɓuga, ba mutanen ƙauyensa kaɗai ya cuta ba.

AN TAƁA YI MANA

Wannan ba shi ne karo na fari da aka dubi ƙasar nan aka ga kuɗi kawai ba. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narkar da kuza suna sayarwa. Kamfanin Neja ya bi sawun wannan ciniki a 1902, zuwa 1904 kuwa Turawa sun kafa sansani a wajajen Naraguta. Aka kawo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, babban layi daga Kafanchan a 1927, aka kuma tare ruwan Kurra domin a ba ma'adinai wutar lantarki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ta ɗibar mutane daga larduna ana kawo su aikin tilas, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna, mutane da yawa kuma suka mutu saboda sanyi da cuta. A 1943 aka haƙo kuza wajen tan 17,000, ba a kuwa sake kaiwa haka ba. Daga baya kuzar da ke kusa ta ƙare, sa'an nan kasuwarta ta faɗi warwas a duniya a 1985. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu.

Me aka bar mana? Ƙasa fiye da murabba'in kilomita 300 da aka birkice, da tsibin jar ƙasa, da tafkuna masu zurfi daga Rayfield zuwa Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi da Dorowa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa gyara ƙasa bayan haƙa, aka kuma dasa itatuwan turare a waɗansu wurare, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne manoman rani suna cin moriyar tafkunan a yau. Gaskiya ne kuma akwai gidaje da yawa da suka yi makokin yaro wanda ya je wanka bai dawo ba. Ban da haka, masu bincike sun yi gargaɗi cewa baƙin yashin da yakan rage bayan an tace kuza yana ɗauke da waɗansu ma'adinai masu fitar da tururin da ido ba ya gani, mai lahani ga jiki, ga shi kuwa waɗansu da shi suke yaɓen ɗaki.

Darasin a fili yake. Kuɗin kuza ya tafi, ramin ya zauna. Wanda ya ci ribar ba shi ne yake kwana kusa da ramin ba.

Amma akwai wani darasi na biyu da ya kamata mu riƙe. A cikin ramin kuza ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu daga Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi. Da ba a sami mai ido ba, da ya farfashe a gona, da duniya ba ta san cewa mutanen wannan yanki suna irin wannan sana'a fiye da shekara 2,000 da suka wuce ba. Daga nan aka kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952. Abin da muke ɗauka ba kome ba, wani lokaci shi ne dukiyar.

ABIN DA KE FARUWA YANZU

Yau ba Bature ne yake yi ba, mu ne da hannunmu. Garuruwa suna faɗaɗa, kowane gini yana son tsakuwa da yashi da marmara. A gefen hanyoyin Jos za ka ga mata da yara zaune da guduma tun safe har yamma, a bayansu kuma dutsen da aka ƙona da wuta ko aka fasa da nakiya. A waɗansu unguwanni an sayar da tudu an yanka shi fuloti-fuloti. Samari kuma sun koma ramukan loto, suna nutsewa ƙarƙashin ƙasa da igiya da tocila, ba katako ba tokari. A watan Nuwamba 2024 rami ya rufta da mutum 13 a ƙaramar hukumar Bassa. A watan Fabrairu 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar domin a tantance masu yi, saboda rashin tsaro da haƙa ba bisa doka ba. Wannan ya nuna hukuma ta san akwai matsala. Sai dai tantance masu haƙa abu ɗaya ne, sanin wuraren da ba za a haƙa ba kuma wani abu ne dabam. Na biyun ne nake magana a kai.

Na san abin da wani zai ce: Malam, mutane suna kwana da yunwa, kai kana zancen dutse? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan kauce mata ba. Gwauruwar da take fasa dutse domin ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta ba ita ce abokiyar gabanmu ba, ba kuwa wanda yake da hurumin ce mata ta bari alhali bai ba ta wani abin yi ba. Ban ce a hana fasa dutse ba. Dutse ya yi yawa a Filato, ko jikokin jikokinmu ba za su ƙarar da shi ba. Abin da na ce shi ne a zaɓa. Manomi ba ya cinye irinsa don yana jin yunwa. A ware wuraren fasa, a ware wuraren da za a bari. Dutsen Riyom, wanda mutane suke cewa ya yi kama da taswirar jihar, in aka farfasa shi bai fi aikin 'yan makonni ba, kuɗin kuma ya ƙare kafin damina. In aka bar shi, shekara ɗari masu zuwa yana nan yana jawo baƙo ya tsaya ya sayi dankali da kabeji da ruwan sha.

Wani kuma zai ce: wane baƙo ne zai zo inda ake kashe-kashe? Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci. Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Mangu, inda mafi kyawun wuraren nan suke, su ne suka fi shan wuya, ba kuwa wanda ya manta da abin da ya faru a jajibirin Kirsimati na 2023. Tsaron rai shi ne gaba da kome. Amma mu lura da abu guda: rikici yakan wuce ko da ya daɗe, dutsen da aka fasa kuwa ba ya komowa. Kuma a lokacin da hankalin jama'a ya rabu, a lokacin ne akan sayar da abin da ba a isa a sayar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Jihar da ta rubuta a lambar motocinta cewa ita ce gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, bai kamata ranar da zaman lafiya ya dawo ta tarar ba abin da za ta nuna ba.

Na uku zai ce: ai ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa. Haka ne, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Tarayya ne, Abuja ce take ba da lasisi. Amma ita wannan doka ta ce sai an nemi yardar mai ƙasa, ta ce sai kamfani ya yi yarjejeniya a rubuce da al'ummar da zai yi aiki a cikinta, ta kuma hana haƙa a wuraren da jama'a suka keɓe suna girmamawa bisa ga al'adarsu. Watau akwai ƙofa. Abin da ya rage shi ne al'umma ta san abin da take so ta tsare, ta kuma rubuta shi tun kafin mai jakar kuɗi ya iso gidan dagaci da dare.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

A Ingila akwai gundumar Konwal, ƙasar kuza kamar tamu, daga can ma waɗansu injiniyoyin da suka yi aiki a Filato suka fito. Su ma faɗuwar kasuwa ta 1985 ta buge su, har ramin kuzarsu na ƙarshe a wancan zamani ya rufe a 1998. Ba su rushe tsofaffin gine-ginen suka sayar da ƙarafan ba. Wani rami da aka rufe a 1990 sun mai da shi gidan tarihi, tsofaffin ma'aikata suna zagawa da baƙi suna ba su labari. Wani ramin farar ƙasa kuma suka mai da shi lambun itatuwan duniya a 2001. A 2006 hukumar UNESCO ta sa wuraren haƙar ma'adinansu cikin jerin kayan gadon duniya. Gundumomi da yawa a can suna da jerin wuraren duwatsu masu daraja, wanda hukuma takan duba kafin ta ba da izinin gini.

Ita UNESCO tun 2015 tana da shiri na musamman domin irin waɗannan wurare, abin da za mu iya kira gandun duwatsu. Ba a korar kowa daga ciki, ana noma ana kiwo, sai dai ana tsare wuraren da aka zaɓa, ana koyar da yara, ana kawo baƙi. Zuwa 2025 akwai guda 229 a ƙasashe 50. Maroko ce ta fara samu a Afirka, Tanzaniya ta biyo baya a 2018. Har zuwa shekarar 2025 Nijeriya ba ta da ko ɗaya. In za a fara, ina ya fi Filato cancanta? Ga Jami'ar Jos da sashenta na ilimin duwatsu, ga makarantar koyon haƙar ma'adinai da ta daɗe a garin, ga Gidan Tarihi, ga makarantar horar da matasa a gindin Shere. Kayan miya sun haɗu, mai dafawa ake jira.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na ɗaya, kowace ƙaramar hukuma cikin 17 ɗin nan ta kafa ɗan kwamiti na sarakuna da dattawa da mata da malaman makaranta, tare da masani ɗaya daga jami'a, su zaga su rubuta wuraren. A rubuta sunan kowane wuri da harshen masu shi, ko Berom ne, ko Afizere, Anaguta, Irigwe, Mwaghavul, Ngas, Ron ko Tarok, tare da labarinsa. A haɗa da kogunan dutse da kakanni suka ɓuya a ciki a zamanin hare-haren neman bayi, da gonakin da aka daddatse da dutse a jikin tudu, da tsofaffin gadojin dutse na ƙasar Bokkos. Tsofaffin da suka san waɗannan labarai suna ta raguwa, wannan aiki ba na jira ba ne.

Na biyu, Majalisar Dokokin Jiha ta ɗauki jerin ta mai da shi doka, domin kada a ba da takardar fili ko izinin gini a kansu, a kuma aika da shi ga ofishin da ke ba da lasisin ma'adinai.

Na uku, a nuna wa masu fasa dutse wuraren da za su yi aikinsu nesa da maɓuɓɓuga da gidaje, a taimake su su kafa ƙungiya domin dillali ya daina yi musu tayin wulaƙanci, a kuma fitar da yara daga wannan aiki.

Na huɗu, a kafa alamar gargaɗi a bakin kowane tafki mai zurfi da ke kusa da gari, a zaɓi tsohon wurin haƙa guda ɗaya a mai da shi wurin tunawa da tarihin kuza, har da sunayen garuruwan da aka ɗebo mutane daga cikinsu.

Na biyar, duk kuɗin da baƙo zai biya, kashi mafi tsoka ya zauna a ƙauyen, a bayyane, samarin wurin su zama 'yan jagora. Ba wanda zai yi gadin abin da ba ya cin moriyarsa.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira hukuma ba. Mu ma masu sayen tsakuwa ne. Ba ranar da ba a ginin majami'a ko makaranta ko gidan fasto a wani wuri cikin jihar nan. Kwamitin gini ya riƙa tambayar mai tifa daga ina kayan suka fito. Makarantunmu su riƙa kai yara Assop da Shere da Kerang da Gidan Tarihi inda hanya take da lafiya, gama gani ya kori ji. Ƙungiyoyin matasa da suke hawa tudu domin taro su sauko da ledojinsu da gwangwanayensu, su kuma daina shafa wa duwatsu fenti, ko da mene ne suke so su rubuta.

'Yan'uwa, gona in ta gaji akan bar ta ta huta ta farfaɗo. Itace in an sare akan dasa wani. Dutse kaɗai ne ba shi da iri, ba a shuka shi, ba a dasa shi. Waɗanda suka riga mu sun bar mana ramuka ba da son ransu ba, gama ba a tambaye su ba. Mu an tambaye mu, sa hannunmu ake nema a takarda. In kansila ko dagaci ko shugaban ƙaramar hukumarku ya zo taro na gaba, ku tambaye shi: waɗanne duwatsu ne a ƙasarmu ba na sayarwa ba, ina kuma aka rubuta sunayensu?